Yadda Babban Mutum Zai Zaɓi Gaɓar Teku da Kayan Koyon Hawan Igiyar Ruwa

Yaro ɗan shekara goma yana iya tsayawa a kan kusan kowane irin allon hawan igiyar ruwa, wato dogon allon da ake tsayawa a kai igiyar teku tana turo shi zuwa gaɓa, domin jikinsa ba shi da nauyi, gaɓoɓinsa suna da laushi, kuma faɗuwa a gaban jama'a ba ta damunsa. Babban mutum kuwa yana zuwa bakin teku da nauyin jiki, da ƙugu mai tauri, da tsoron jin ciwo, sannan da kunyar a gan shi yana tangaɗi kamar mai koyon tatata. Wannan kunya ce take jawo kuskuren da ya fi yawa a tsakanin manya, wato su nufi gaɓar da ta yi suna, su kuma sayi ɗan siririn allo irin wanda suka ga gwanaye suna hawa. Wanda ya kalli gasar Olamfik ta 2024, wadda aka yi ɓangaren hawan igiyar ruwanta a Teahupo'o da ke tsibirin Tahiti, ya ga ruwa yana naɗewa kamar bango a kan duwatsun murjani masu kaifi, amma wannan ƙarshen hanya ne, mai koyo ba shi da abin yi a can. Abin da yake bukata shi ne gaɓar da gwanaye suke rainawa da allon da suke yi wa dariya saboda girmansa.

Mataki na farko: ka gwada iyonka a ruwa mai natsuwa

Allo yana ɗaga mutum a kan ruwa, amma yana iya kuɓucewa, kuma igiyar da ta ɗaure shi a ƙafa tana iya tsinkewa. Saboda haka, kafin ka nemi gaɓa, ka je wurin iyo ka tabbatar kana iya ninƙaya ta aƙalla mita 50 ba tare da ka tsaya ba, wanda shi ne ƙaramin sharaɗin da makarantun koyarwa da yawa suke gindayawa, sannan ka iya tsayuwa a ruwa mai zurfi na 'yan mintoci ba tare da ƙafarka ta taɓa ƙasa ba. A ganina mita 50 ta isa darasin farko ne kawai, wanda ake yi a ruwa iya ƙugu a gaban malami. Mai niyyar shiga shi kaɗai nan gaba ya kamata ya ninka wannan sau uku ko huɗu. Mai ciwon baya, ko gocewar kafaɗa, ko ciwon zuciya, ko farfaɗiya, ya fara tuntuɓar likita.

Mataki na biyu: ka duba abin da ke ƙarƙashin ruwa

Igiyar ruwa tana karyewa ne idan ta iso inda ruwa ya yi rashin zurfi, domin ƙasanta yana rage gudu yayin da samanta yake ci gaba, har ya kife. Ke nan yanayin ƙasan teku shi ne yake tsara siffarta. Wuraren hawa iri uku ne: inda igiya take karyewa a kan tudun yashi, da inda take karyewa a kan duwatsu ko murjani, da kuma inda take zagaye wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku tana karyewa a hankali ta gefe ɗaya. Na farkon ne naka. Za ka faɗi sau da yawa a kowace rana, kuma faɗuwa a kan yashi ba ta barin tabo.

Sai dai ba kowace gaɓar yashi ce ta dace ba, kuma a nan ne ya kamata a tsananta lura. Ka dubi gangaren gaɓar. Idan ƙasa tana sauka a hankali, har mutum ya yi taku hamsin ko sittin cikin ruwa bai wuce ƙirjinsa ba, igiya takan karye can nesa, ta farfashe daga samanta, sannan ta mirgino da farin kumfa na tsawon daƙiƙoƙi masu yawa kafin ta mutu a bakin gaɓa. Wannan farin kumfa shi ne ajin mai koyo, domin yana tura allo kai tsaye zuwa gaɓa da ƙarfi daidai wa daida, ya ba mutum lokacin da zai miƙe tsaye. Idan kuwa gaɓar tana da gangare mai tsanani, ruwa yana zurfi bayan taku biyar ko shida, to igiyar takan taso gaba ɗaya ta fyaɗa kanta a kan yashi. Irin wannan tana karya allo, tana kuma jawo raunin wuya da kafaɗa, don haka a guje mata ko da tana da ƙanƙanta a ido. Kunne ma yana taimakawa: gaɓa mai kyau tana da shuuu mai tsawo, mummunar kuwa tana bugawa dim, kamar an jefar da buhu.

Akwai wuraren da suka shahara da sauƙi saboda wannan siffa. Muizenberg da ke kusa da birnin Cape Town a Afirka ta Kudu tana da yashi shimfiɗaɗɗe da igiyoyi masu tafiya a hankali. Hendaye a kudu maso yammacin Faransa, daf da iyakar Sifaniya, tana cikin lungun da yake rage ƙarfin tekun Atlantika, shi ya sa malamai suke kai ɗalibansu can idan sauran gaɓoɓin yankin sun yi zafi. Weligama a kudancin Siri Lanka ma lungun teku ne mai faɗi da ƙasan yashi. Waikiki a Hawai, inda Duke Kahanamoku ya taso kafin ya yaɗa wannan wasa zuwa Ostireliya da gaɓoɓin Amurka a farkon ƙarni na 20, ta saɓa wa ƙa'idar kaɗan, tunda akwai murjani a ƙarƙashinta, amma igiyoyinta masu laushi ne da tsawo. A kan tsibirin da Waikiki take, wato Oahu, a gefen arewa, akwai wurin hawa da ake kira Pipeline wanda ya hallaka ƙwararru. Darasin da ke cikin wannan shi ne sunan ƙasa ko na tsibiri ba ya gaya maka komai. Gaɓa guda ake tambaya, da sunanta, da kuma watan da za a je, domin gaɓar Turai da take kwance lumui a watan Yuli tana iya zama abin tsoro a watan Janairu.

Mataki na uku: ka zauna ka kalli ruwa, ka gano inda yake ja

Idan ka isa gaɓar da ka zaɓa, kada ka shiga nan take. Ka sami wuri mai ɗan tudu ka zauna na minti goma sha biyar ko ashirin, domin igiyoyi suna zuwa ne rukuni-rukuni, kuma wanda ya kalli teku na minti biyu yana iya ganin lokacin hutunsa kawai.

Babban abin da kake nema shi ne ruwa mai ja. Duk ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ne ya koma, kuma sau da yawa yakan tattaru ya bi ta wani kwari tsakanin tuddan yashi biyu, ko ta gefen duwatsu da gadojin da suka shiga teku, ya fita kamar ƙorama. Gudunsa yana iya haura mita biyu a daƙiƙa guda, abin da ya fi ƙarfin gwanin ninƙaya. Haɗarinsa ga baƙo shi ne kamanninsa, domin wurin yakan yi duhu, ya yi kamar ya fi ko'ina natsuwa, babu farin kumfa a cikinsa, sai mai koyo ya yi masa kallon kitse, ya ce ga inda ya fi sauƙin shiga. Alamominsa su ne giɓi a tsakiyar jerin igiyoyi masu karyewa, da launin ruwa da ya bambanta, da kumfa ko ciyawa ko yashi da ake gani suna tafiya zuwa cikin teku. Idan ya ɗauke ka, kada ka rabu da allonka, kada kuma ka yi kokawa da shi kai tsaye zuwa gaɓa. Ka tuƙa allon da hannu ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ka fita daga cikinsa zuwa inda igiyoyi suke karyewa, su za su maido ka. Idan ƙarfinka ya ƙare, ka kwanta a kan allo ka ɗaga hannu ɗaya sama, wannan ita ce alamar neman agaji.

Shi ya sa gaɓa mai masu ceto a bakin aiki ta fi wadda babu kowa, komai kyanta. Ka je wurinsu ka faɗa musu cewa yau ka fara, ka tambaye su inda ruwa yake ja da inda duwatsu suke ɓoye. Matambayi ba ya ɓata. Ka kuma koyi tutocinsu. A Birtaniya da Ostireliya da wasu ƙasashe, tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya wurin masu iyo ne, ba a shiga da allo mai tauri, tuta mai ɗaki-ɗakin baƙi da fari ita ce take nuna yankin masu allo, jar tuta zalla kuwa tana nufin kada a shiga. Tsarin yana ɗan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a karanta allon sanarwar da ke mashigar gaɓa.

Ka lura da cunkoso kuma. Ɗalibai ashirin a wuri ɗaya, kowanne da allo mai tsawon ƙafa takwas da bai iya sarrafawa ba, sun fi kifin shak, mai cizon mutane, haɗari. Sannan ka dubi tsabtar ruwa: idan akwai bakin kogi ko magudanar gari a kusa, a bar wurin na kwana uku bayan ruwan sama mai ƙarfi, saboda ƙazantar da yake kwasowa.

Mataki na huɗu: ka zaɓi rana da sa'a

Gaɓa ɗaya tana da fuskoki da yawa, kuma abubuwa huɗu ne suke sauya ta. Manhajojin hasashe irin su Surfline da Windguru suna nuna su duka, kuma karanta su ba shi da wuya.

Na farko tsayin igiya ne. Daga gwiwa zuwa ƙugu, wato ƙasa da mita ɗaya, shi ne daidai. Na biyu shi ne tazarar daƙiƙoƙi tsakanin igiya da mai bin ta, kuma wannan lamba ce da masu koyo suke tsallakewa alhali ta fi ta farkon muhimmanci. Tazarar daƙiƙa 5 ko 6 tana nufin iskar kusa ce ta tayar da igiyoyin, za su zo a hargitse, ba ƙarfi. Tazarar daƙiƙa 14 ko 15 kuwa tana nufin guguwa ce mai nisa ta haife su, sun yi tafiyar dubban kilomita, kuma igiyar mita ɗaya mai wannan tazara tana iya tashi ta wuce kan mutum idan ta iso tudun yashi. Tsakatsaki, kamar daƙiƙa 8 zuwa 11, ya fi dacewa.

Na uku iska ce. Wadda take busowa daga teku zuwa tudu tana dagula fuskar ruwa, wadda take busowa daga tudu zuwa teku tana gyara ta, amma idan ta yi ƙarfi tana iya tura mai babban allo zuwa ciki ba tare da ya ankara ba. Rana maras iska ta fi duka. A wurare da yawa sassafe ne ruwa ya fi kyau, domin idan rana ta ɗumama ƙasa, iskar teku takan taso da hantsi ko bayan azahar.

Na huɗu cikar teku da janyewarsa. A mafi yawan gaɓoɓi teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a yini, da tazarar sa'a shida da 'yan mintoci, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Bambancin ya fi girma a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa. Babu ƙa'ida guda a nan: wata gaɓar tana kyau idan ruwa yana tsakiyar cika, wata kuma idan ya cika sai ta koma mai fyaɗawa a kan yashi, wata idan ya janye duwatsu suke bayyana. Wannan ilimi yana wurin mutanen da suke shiga wurin kullum.

Mataki na biyar: ka yi haya kafin ka saya

Darussa biyu ko uku a wurin malami mai shaidar koyarwa, irin wadda ƙungiyar hawan igiyar ruwa ta duniya, wato ISA, ko ƙungiyoyin ƙasashe suke bayarwa, suna zuwa da allo da riga, kuma suna hana mutum koyon kuskuren da zai yi watanni yana gyarawa. Ka tambayi yawan ɗaliban da malami ɗaya yake ɗauka. Idan sun haura takwas, ka nemi wani wuri. Bayan darussan, ka ci gaba da haya na wasu makonni kana sauya girman allo, har ka san wanda ya karɓi jikinka.

Mataki na shida: zaɓen allo

Allon farko ya kasance na soso, mai laushin sama da fukafukai na roba masu lanƙwasawa a ƙarƙashin wutsiyarsa. Dalilin a fili yake: allo zai buge ka, zai kuma buge wani, kuma bugun soso ba ɗaya yake da na allo mai tauri ba.

Ana auna tsawon allo da ƙafa da inci ko a ƙasashen da suke amfani da mita, ana kuma rubuta girman cikinsa da lita, wanda shi ne yake nuna nauyin da zai iya ɗagawa. Ga yawancin manya, tsawon ƙafa 8 zuwa 9, faɗin inci 22 ko fiye, da kaurin inci 3 ko fiye, shi ne mafari. Ƙa'idar da ake yawan bi ita ce litar allo ta yi daidai da nauyin mai koyo a kilo, ko ta ɗan ɗara. Mai kilo 75 zai ji daɗin allon ƙafa 8 mai lita 80 da ɗoriya, mai kilo 95 kuwa ya nemi ƙafa 9. Domin a ga bambanci, gajeren allon gwanaye yakan kasance kusan ƙafa 6 da lita 25 zuwa 35, kuma babban mutum da ya kwanta a kansa zai ga rabinsa ya nutse, ya yi ta tuƙi da hannu igiyoyi suna wuce shi ta ƙarƙashi. Babban allo yana tafiya da sauri a kan ruwa, yana kama igiya tun tana ƙarama, ba ya kuma karkata da wuri idan an taka shi. Wanda ya kama igiya talatin a safiya ɗaya zai riga wanda ya kama uku ƙwarewa, ko da na biyun ne yake riƙe da allon da ya fi kyan gani. Idan kana shakka tsakanin girma biyu, ɗauki babban.

Mai sayen na hannu ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, domin allon da ya sha ruwa yana nauyi fiye da kima. Ya danna samansa da ƙasansa da tafin hannu ya ji ko fatar ta rabu da cikin, ya duba ko akwai layin karaya a tsakiya, ya girgiza fukafukan ya ga ko mazauninsu ya saki, sannan ya ja maɗaurin igiya da ke wutsiya da ƙarfi.

Igiyar talala, wadda take haɗa wutsiyar allo da idon sawu, ba a shiga ruwa babu ita, kuma ita ce abin da ya kamata a saya sabo ko da allon tsoho ne. Tsawonta ya yi daidai da na allo ko ya ɗan fi, domin gajeriya tana fizgo allo ya dawo kan mai shi. Ana ɗaura ta a ƙafar baya. Domin sanin ƙafarka ta baya, ka tsaya ƙafafu a haɗe, wani ya ɗan tura ka ta baya ba zato. Ƙafar da ta fara fita ita ce ta gaba a mafi yawan lokuta. Kafin kowace shiga, ka bi igiyar da yatsa ka nemi tsaga, ka kuma kakkaɓe yashi daga maɗaurin.

Kakin da ake goga wa allo domin hana santsi ana yin sa ne bisa ɗumin ruwa, kuma an rubuta a jikin kwalinsa. Na ruwan sanyi yana da laushi, yana narkewa a ruwan ɗumi, na ruwan ɗumi kuma yana taurare ya yi santsi a ruwan sanyi. Allunan soso da yawa ba su bukatar sai kaɗan. Kada a bar allo a rana ko cikin mota a rufe, domin zafi yana narkar da kaki, yana kuma kumbura fatar allon.

Mataki na bakwai: suturar ruwa

Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki da sauri fiye da iska nesa ba kusa ba, don haka ɗumin ruwa ake dubawa, ba na gari ba. Idan ya kai digiri 24 a ma'aunin Selshiyas ko fiye, riga mai kama jiki mai dogon hannu ta wadatar, kuma aikinta shi ne kare ƙirji da ciki daga gurzar allo da kuma ƙunar rana. Tufafi masu yalwa suna shan ruwa, suna nauyi, suna kuma iya naɗe hannu, saboda haka mai son rufe jiki gaba ɗaya ya nemi riga da dogon wando da aka ɗinka musamman domin iyo.

Ƙasa da haka sai rigar roba ta niyofirin, wadda take riƙe ɗan siririn ruwa a jikin fata, ita kuma robar take hana ɗumi fita. Lambobin da ke jikinta kaurinta ne a milimita: 3/2 na nufin milimita 3 a gangar jiki, 2 a hannaye da ƙafafu. A ƙiyasi, 3/2 tana dacewa da ruwan digiri 15 zuwa 19, 4/3 da na 12 zuwa 15, ƙasa da haka kuma sai 5/4 tare da takalma da safar hannu da hula na roba. Mai saurin jin sanyi ya ƙara kauri. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne zaman rigar a jiki: ta matse ba tare da ta hana numfashi ko ɗaga hannu ba, kada kuma ta bar aljihu a ƙugu ko a hammata, domin nan ne ruwan sanyi zai riƙa shiga yana fita. Dole ne a gwada ta kafin a saya. Bayan amfani a ɗauraye ta da ruwan daɗi, a rataye ta a inuwa a ninke daga ƙugu, domin rataya ta kafaɗa yana miƙe robar. Mai yawan shiga ruwan sanyi ya sa matoshin kunne, saboda sanyi da iska na shekaru suna sa ƙashi ya tsiro ya toshe ramin kunne. Man kare fata daga rana mai jure ruwa, musamman mai sinadarin zinki, a shafa shi a fuska da wuya da bayan ƙafafu, waɗanda suke kallon sama duk lokacin da mutum yake kwance a kan allo.

Mataki na takwas: ranar da za ka shiga kai kaɗai

Kai kaɗai a nan yana nufin babu malami, amma a sami wani a ruwa ko a gaɓa da ya san kana ciki. Ka zaɓi wata alama a tudu, bishiya ko gini, ka riƙa waiwayarta, domin ruwa yana jan mutum ta gefe a hankali. Ka shiga kana riƙe da allo a gefenka, hancinsa yana kallon teku. Idan ya shiga tsakaninka da igiya a gicciye, za ta maka maka shi a fuska. A ruwan ɗumi inda ake samun kifi mai ƙaya a wutsiya yana kwance cikin yashi, ka ja ƙafa a ƙasa maimakon ɗaga ta. Idan za ka faɗi, ka faɗi a shimfiɗe, ta baya ko ta gefe, kada ka taɓa yin tsalle da kai a ruwa maras zurfi, kuma ka fito da hannaye a kan kai, tunda ba ka san inda allon yake ba.

Akwai ladabin da kowa yake bi a cikin ruwa. Wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara karyewa shi ne mai ita, ba a shiga gabansa. Mai komawa ciki yana kauce wa mai tahowa a tsaye. Ba a sakin allo idan akwai mutum a baya, domin allon ƙafa 8 da igiyarsa suna kaiwa kusan mita biyar. Ka tsaya a farin kumfa, a ruwa iya ƙugu, har sai kana miƙewa tsaye a mafi yawan igiyoyin da ka kama, kana kuma iya karkata allo dama da hagu da gangan. Sannan ne za ka fara tuƙawa zuwa bayan inda suke karyewa, a rana mai ƙananan igiyoyi. Sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa a makonnin farko, kuma da zarar ka ji hannayenka sun yi nauyi har ba ka iya ɗaga ƙirji daga kan allo, ka kama igiya ta gaba a kwance ka fito.